Gawo Ya Bar wa Gero Damina, Kacala Ta Hana Kowa Fadama

Duk wanda ya san halin manomin ƙasar Hausa ya san ba ya wasa da inuwa a gonarsa. Itacen da ya tare wa gero rana, ko dai a sare shi, ko a rage masa rassa, ko kuwa a haƙura da abin da aka shuka a gindinsa. Amma akwai itace guda da manomin nan ke kewayewa da garma yana lallaɓawa, har yakan ɓata da maƙwabci a kansa. Wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Ɗambatta, Kazaure da Daura, ya ƙetare iyaka ta Kwangwalam, ya bi ta Matamaye zuwa Damagaram, ya gan shi tsaye a tsakiyar gonaki, wani wurin ɗaiɗai, wani wurin kuwa kamar daji. Gawo ke nan. Da shi da gero ruwa suke so, hasken rana suke so, taki suke so, kuma duk a fili ɗaya, amma shekaru aru-aru suna tare babu wanda ya kori wani. A can gabas kuwa, a fadamar Haɗejiya da Nguru, ciyawa guda ɗaya tal, wadda mutanen wurin ke kira kacala, ta mamaye dubban hekta, ta hana shinkafa wuri, ta toshe wa kwalekwale hanya, ta raba shanu da makiyayarsu ta rani.

Abin da nake so mu duba tare da mai karatu shi ne dalilin da ya sa zama ya yiwu a wuri na farko, ya kuma gagara a na biyu. A ganina amsar guda ce, kuma masu tsara mana madatsun ruwa da shirye-shiryen noma sun fi kowa buƙatar jin ta.

Da yake harshe na karanta ba kimiyyar halittu ba, bari in fara da gyaran kalma. Masana muhalli suna da wata kalma da suka aro daga Faransanci, wadda a asali take nufin ɗan lokon da ake yi a jikin bango. Fassararta ta kai-tsaye ita ce alkuki, inda kakanninmu ke ɗora fitilar a-ci-balbal. Sai dai alkuki wuri ne kurum, shi ya sa ni na fi son kalmar gurbi. Bahaushe na cewa gurbin ido da gurbin dara, wato wuri, yana kuma cewa wane ya maye gurbin wane, wato matsayi da aikin da ke tare da shi. Ma'anar nan ta biyu ita ce wadda masanin dabbobi ɗan Ingila Charles Elton ya ɗauka a littafinsa na 1927, inda ya nuna cewa gurbin dabba tamkar sana'arta ce a cikin jama'ar halittu. A 1957 Evelyn Hutchinson na Jami'ar Yale ya faɗaɗa ta, ta ƙunshi duk sharuɗɗan da halitta ke buƙata don ta rayu ta hayayyafa: irin abinci, girman lomar, zafi da sanyi, laima, lokacin fita da wurin kwana. Idan gurabun halittu biyu suka shiga juna, to a daidai inda suka haɗu nan ake gasa.

Wanda ya fara gwada wannan gasa a ɗakin bincike yadda kowa zai gani shi ne wani matashi ɗan Rasha, Georgy Gause, wanda ya wallafa sakamakonsa a 1934. Ya ɗauko iri biyu na wasu ƙananan halittun ruwa da ba a ganinsu sai da madubin bincike, ana kiransu faramisiyam, ya zuba kowane iri a kwalbarsa, yana ba su ƙwayoyin bakteriya su ci. Kowane ya hayayyafa lafiya. Da ya haɗa su a kwalba guda da abinci guda, cikin mako biyu da 'yan kwanaki ɗaya ya rinjayi ɗaya har ya kusa shafe shi. Ba cizo, ba duka. Wanda ya yi nasara ya fi saurin cin abincin da saurin haihuwa ne kawai. To amma da ya sake gwajin da wani iri na uku, sai zama ya yiwu, saboda shi wannan a gindin kwalba yake kiwo yana cin ƙwayoyin yis da suka kwanta, ɗayan kuwa yana sama yana cin abin da ke yawo cikin ruwa. Daga nan aka sami ƙa'idar da ake dangantawa da sunansa: halittu biyu masu neman abu ɗaya, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, ta hanya ɗaya, ba za su dawwama tare ba. Mu dai mun daɗe da cewa ba a sarki biyu a gari ɗaya.

Abin ya ba ni sha'awa ne tun farko saboda mu ma a fagenmu muna da irin wannan doka. Masanin harshe Bafaranshe Michel Bréal ya lura a 1897 cewa kalmomi biyu masu ma'ana ɗaya sak ba sa daɗewa a haka: ko ɗaya ta mutu, ko su raba aiki. Hausa ta dā tana da gomiya biyu da gomiya uku. Da ashirin da talatin suka shigo daga Larabci, aikinsu ɗaya ne, sai na gida suka kau. Amma da joji ya shigo daga Turanci bai kori alƙali ba, domin an ba kowa kotunsa. Ba na cewa kalma halitta ce mai rai, kwatanci ne kawai, amma yana taimaka wa mutum ya riƙe batun.

Rabon aikin nan, a tsakanin dabbobi, ba sai mun je nesa ba. Makiyayin da ya haɗa garke da shanu, tumaki, awaki da raƙuma ya san abin da yake yi. Saniya da harshe take naɗo ciyawa, saboda haka doguwa take so. Tunkiya bakinta siriri ne, tana bin gajeriyar da saniya ta bari har ƙasa. Akuya ta fi son ganye, za ta miƙe a kan ƙafafun baya ta kamo na magarya da aduwa, ƙaya ba ta dame ta ba. Raƙumi kuwa daga inda akuya ta gaza yake farawa. Fili ɗaya ne, amma akushi huɗu. A dajin Serengeti na Tanzaniya, masani Richard Bell ya bayyana irin wannan tsari a farkon shekarun 1970: jakunan dawa ke shiga gaba su cinye dogayen karare masu tauri, sai wani naman daji da Sawahilawa ke kira nyumbu ya biyo ya ci ganyen, sannan barewa ta zo ta tsinci sabon toho. An daɗe ana kawo wannan a matsayin misalin taimakon juna zalla. Binciken da aka wallafa a 2024, wanda aka yi da kyamarorin da aka girke a dajin shekara da shekaru, ya nuna abin ya fi haka sarƙaƙiya: jakin dawa na yin gaba ne don gudun cunkoson nyumbu, ita kuwa barewa da gaske tana amfana da abin da aka share mata. Gasa da taimako a tafiya ɗaya suke. A Amurka ma, Robert MacArthur ya zauna da agogo a hannu a dazuzzukan jihar Maine, ya nuna a 1958 cewa tsuntsaye iri biyar masu cin ƙwari a kan bishiya guda sun raba ta, wani can ƙololuwa, wani tsakiya kusa da gangar jiki, wani ƙasa.

Waɗannan rabon wuri ne da rabon irin abinci. Na gawo rabon lokaci ne, kuma ban san wani itace a ƙasarmu da ya kai shi iya wannan ba.

Kusan duk itatuwanmu da damina suke ado, da rani su tuɓe. Gawo ya juya lissafin. Da zarar ruwa ya sauka sai ya zubar da ganye, ya tsaya da fararen rassa tamkar ya mutu, daidai watannin da gero ke buƙatar kowane ɗigon ruwa da kowane haske. Idan damina ta ja baya, wajen Satumba da Oktoba, sai ya fara toho, ya yi fure, ya cika da kore a tsakiyar hunturu da bazara lokacin da gona ta zama fili fetal. Yana iya yin haka ne saboda ba ruwan sama ya dogara da shi ba. Saiwarsa tana nutsawa har ta tarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma a arewacin Senegal an bi ta an same ta a zurfin da ya haura mita 30. Saiwar gero kuwa a saman ƙasa take yawancin harkarta. Ke nan ko a ƙarƙashin ƙasa ma ba rijiya ɗaya suke ja ba.

Bayan kaucewa, gawo yana biyan kuɗin zama. Dangin wake da gyaɗa ne, a jikin saiwarsa akwai ƙwayoyin bakteriya da ke kamo sinadarin naitirojin daga iska, wato abin nan da muke saye da tsada a buhun yuriya. Ganyen da ya zubar a farkon damina yana ruɓewa ne a daidai lokacin shuka. Da bazara kuma, sa'ad da babu wata inuwa a gona sai tasa, dabbobi na taruwa a gindinsa su ci 'ya'yansa da ke faɗowa, su bar kashi da fitsari. Masu bincike a tashar Bambey ta Senegal sun auna a shekarun 1960, suka tarar geron da ke ƙarƙashin gawo ya ninka na fili fiye da sau biyu. Gaskiya ne cewa wasu masana da suka yi aiki a Sadore, kusa da Yamai, a farkon shekarun 1990 sun ja hankali cewa wani kaso na albarkar ƙasar ya riga itacen zuwa, domin gawo ya fi kamawa a inda dama akwai ɗan ƙarfi, kamar tsohon suri. Wannan ya rage wa gawo kirari, amma bai taɓa ainihin maganar ba: ba ya hana gero komai.

A kwatanta shi da ɗorawa da kaɗanya. Su da damina suke da ganye, kuma dawar da ke gindinsu tana raguwa ƙwarai. Manomi na barinsu ne don ya yi lissafi ya ga kalwa da man kaɗe sun fi 'yan dammunan da ya rasa. Mangwaro da darbejiya kuwa a bakin gona ko ƙofar gida ake ajiye su. Waɗannan haƙuri ake yi da su, gawo kuwa abokin zama ne.

Manomanmu sun ɗauki wannan darasi sun shimfiɗa shi a kan amfanin gona da kansa. Gero, dawa da wake a gona ɗaya, a tsarin nan da mutanen karkarar Kano ke kira gicci, ba rashin tsari ba ne kamar yadda malaman gona na zamanin mulkin mallaka da magadansu suka ɗauka. Gero na saurin nuna, a yanke shi wajen Agusta zuwa Satumba, dawa ta samu sarari ta yi ta girma har kaka ta yi nisa, wake kuma da aka shuka daga baya ya yaɗu a ƙasa bayan an buɗe masa rana. David Norman, wanda ya yi shekaru yana bin gonakin ƙauyukan Zariya daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ya nuna a 1974 cewa wannan haɗe-haɗe ya fi shuka iri ɗaya kawo riba a kowace eka, kuma ya fi kare mai gona ranar da damina ta yi gardama. A Jamhuriyar Nijar kuwa, bayan farin shekarun 1970 da 1980, manoman Maraɗi da Damagaram sun koma barin kututture da tohon itatuwa su tashi a gonakinsu maimakon ƙone su, abin da suke kira sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo ɗan Ostireliya ya fara yaɗawa a yankin Maraɗi a 1983. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna aikin ya kai kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, kuma a yankin Damagaram gawo ne ya fi yawa a cikinsu.

Kada mai karatu ya ɗauka rabon nan da lalama ake yin sa. Sau da yawa yunwa ce ke yanka shi, kuma akwai inda aka ga hakan ƙiri-ƙiri. Peter da Rosemary Grant, mata da miji, sun fara aiki a 1973 a wani ɗan tsibiri mai suna Daphne Major, cikin tsibiran Galapagos na ƙasar Ekwado, wanda bai kai rabin murabba'in kilomita ba. Sun yi shekaru arba'in suna kama wasu ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba, girmansu kamar na jan-baki, suna auna bakinsu ɗaya bayan ɗaya. A farin 1977 ƙananan tsaba suka ƙare, abin da ya rage sai 'ya'yan wata ciyawa mai ƙaya, 'yar'uwar tsidau ɗin nan namu da ke huda ƙafa. Kusan kashi 85 cikin 100 na tsuntsayen suka mutu, waɗanda suka tsira kuwa yawanci masu babban baki ne da ke iya fasa ƙayar. A 1982 wani iri dabam, mai jiki kusan ninki biyu da baki kamar guduma, ya zo ya zauna a tsibirin. Shekara ashirin ana zaune kamar ba komai, saboda abinci na isar kowa. Da fari ya dawo a 2003 da 2004, sai baƙin suka kame tsidau ɗin. A wannan karo masu babban baki cikin 'yan gida su suka fi mutuwa, domin su ne suka shiga gurbin wanda ya fi su ƙarfi, masu ƙaramin baki suka tsira da ƙananan tsaba. Cikin zuriya ɗaya bakin 'yan gida ya ragu. Fari iri ɗaya ne, tsibiri ɗaya, amma zuwan abokin gasa ya juya sakamakon.

Akwai sauran tambaya guda, kuma ita ce za ta kai mu fadama. Hutchinson ya yi ta a 1961: in dai dokar Gause gaskiya ce, yaya aka yi ƙananan tsirran da ke yawo a ruwan tafki, masu buƙatar kusan abu ɗaya, suke zaune iri-iri a wuri ɗaya? Amsar da ya kawo ita ce, kwalbar Gause ba ta da damina da rani. A cikinta yanayi ɗaya ne kullum, saboda haka wanda yanayin ya fi dacewa da shi yana da isasshen lokacin gama da abokin karawarsa. A tafki na gaskiya kuwa, kafin mai rinjaye ya gama cin nasara yanayi ya juya, wani ya karɓi ragama. Sauyin yanayi shi ne mai rabon faɗa.

Haka fadamar Haɗejiya da Nguru ta kasance. Kogin Haɗejiya da na Jama'are suna shigowa cikin tsofaffin tuddan yashi a jihohin Jigawa da Yobe, su rarrabu, su malale. Kafin a gina madatsu, a shekarar da aka yi ruwa sosai, ambaliyar kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 wajen Agusta da Satumba, sannan ta janye sannu a hankali har yawancin wurin ya bushe ƙayau. Kowace halitta da watanninta. Tarwaɗa da karfasa su bi sabon ruwa su yi ƙwai a cikin ciyawa. Bado da burugu da roba su tashi da tashin ruwa. Gaiwa ta shige cikin laka ta jira baɗi. Tsuntsayen Turai su sauka da hunturu. Mutane ma a kan wannan kalanda suka tsara kansu, ko da yake su jinsi ɗaya ne, sana'a ce ta bambanta su: masunci da mai shinkafa lokacin ruwa, mai wake da kayan lambu a bayan ruwa yana bin laima, makiyayi da rani ya shigo da shanu su ci abin da ya saura su bar taki. Saɓani ba ya rasuwa, amma fili guda yana ciyar da gida uku a shekara. Ita ma kacala wuri kaɗan ne nata, bakin 'yan tafkunan da ba sa ƙafewa, domin ita ruwa mara zurfi mai zama dindindin take so, kuma dogon rani na karya ta.

A 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano. A 1992 aka gama ta Calawa. Su biyun ne ke riƙe da mafi yawan ruwan da ke zama Kogin Haɗejiya. Aikin madatsa shi ne ta tare ruwan damina ta riƙa sakinsa da rani, don birnin Kano ya sha, don gonakin Kadawa da Kura da na kwarin Haɗejiya su samu. Abin da wannan ya haifar a ƙasa shi ne ambaliyar damina ta ragu, farin shekarun nan kuma ya ƙara mata rauni, sannan kogin da a dā yake ƙafewa da rani ya koma gudana duk shekara, kaɗan-kaɗan, ba zurfi. Wato an ɗauki fadama an mayar da ita kwalbar Gause, kuma yanayin da aka zaɓa aka dawwamar shi ne wanda kacala ta fi kowa so.

Ita kuwa ba ta yi wata-wata ba. Tana yaɗuwa ta saiwa a ƙarƙashin laka, zangarniyarta guda na ɗauke da iri dubu ɗaruruwa da iska ke kwasa, tsayinta na haura mutum nesa ba kusa ba, kuma inda ta yi kauri haske ba ya isa ƙasa balle wani ya tsiro. Da ta cika magudanai sai gudun ruwa ya ragu, yashi da laka suka kwanta, wurin ya ƙara zama mara zurfi, ita kuma ta ƙara samun wurin zama. Tsofaffin hanyoyin ruwa suka toshe, ruwan ya karkata zuwa magudanar Marma da tafkin Nguru, inda gonaki da ƙauyuka suka koma fama da ruwan da ba ya janyewa, alhali waɗanda ke kan toshassun hanyoyin suna kukan rashinsa, abin da ke isa Gashuwa daga ɓangaren Haɗejiya kuma ya zama ƙalilan. Duhuwarta ta zama masaukin jan-baki, mai cinye gonar shinkafa da gero cikin 'yan kwanaki, ga sauro, ga dodon-koɗin da ke ɗauke da tsargiya. Wannan fa a wurin da Nijeriya ta fara sakawa, a shekarar 2000, cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Wanda ke shakkar cewa madatsa ce sila, ya dubi Kogin Senegal: an rufe madatsar Diama a 1986, ta Manantali a 1988, ruwa ya daina hawa da sauka, kuma ciyawar nan dai ita ce ta mamaye bakin kogin.

Ba ina kiran a rushe Tiga ba ne. Miliyoyin mutane na shan ruwanta, tumatir da shinkafar da ke cika kasuwanninmu da rani daga gare ta suke. Amma lissafin da masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a shekarun 1990 ya nuna cewa, idan aka auna da yawan ruwan da aka kashe, abin da fadamar ke samarwa na noma, kifi da itace ya fi na aikin noman rani na Kogin Kano nesa. Ba a cika kawo wannan lissafi a teburin da ake yanke shawara ba, wataƙila don amfanin fadama a warwatse yake a hannun talakawa, ba ya zuwa da bikin yanke ƙyalle.

Abin da ake yi yanzu yawanci yaƙi ne da ciyawar kanta. Jama'ar ƙauyuka na fita gayya da lauje da adda cikin ruwa har ƙirji, hukumomi na kawo injunan yashe magudanai, masu bincike na gwada mayar da ita abincin dabbobi, gawayi da iskar girki. Duk suna da amfani, musamman yankan da ake yi a ƙarƙashin ruwa, domin kacala ta cikin kararenta take kai wa saiwarta iska, idan ruwa ya rufe bakin yankan sai ta shaƙe. Sai dai muddin gurbin da aka gina mata yana nan, za a yanke ta bana ta dawo baɗi. Maganin da ya dace da ciwon shi ne a mayar wa kogin da wani abu na damina da raninsa: a saki ruwa mai ƙarfi a lokacin da ambaliya ta saba zuwa, ya wanke magudanai ya kai ga fadama, sannan a ware makonni da rani a rage sakin har wasu hanyoyin su bushe. Masana sun daɗe da ba da wannan shawara, kuma ba mafarki ba ne. A arewacin Kamaru, madatsar Maga da aka gina a 1979 ta kashe ambaliyar fadamar Waza da Logone. A 1994 aka buɗe wata magudana da aka toshe, ruwa ya sake malala a kan kimanin murabba'in kilomita 200, ciyawar kiwo mai daɗewa ta fara dawowa, kifi da shanu suka biyo ta.

Wahalar a nan ta siyasa ce, domin mai noman rani a Kura da mai kamun kifi a Nguru ba jiha ɗaya suke ba, kuma makonnin da za a rufe ruwa wani ne zai ji su a jikinsa. Jihohi shida na wannan kwari sun kafa asusun haɗin gwiwa a 2006 saboda irin wannan matsala, saboda haka teburin zama akwai shi. Kogin Jama'are kuwa har yanzu babu babbar madatsa a kansa, yana cika da damina ya janye da rani, kuma shi ne ke kai mafi yawan ruwan da ke isa Gashuwa. Madatsar Kafin Zaki da aka fara a kansa aka dakatar, lokaci zuwa lokaci akan ta da maganarta. Duk wanda zai sake kawo ta, ina ganin haƙƙin mutanen Yobe da Borno ne ya fara gaya musu a rubuce watan da zai saki ambaliya, da yawanta, da kuma watannin da zai bar kogin ya bushe.